Abin Da Mai Aski Ya Rufe Da Suma

Auta tana durƙushe a tsakar gida tana wanke rigar makarantar ɗanta, sai ta ji tsayuwar motar Baffa a ƙofar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba, don tun safe ranta a ɓace yake.

Baffa ƙanin marigayi mijinta ne, ɗan kwangila, irin mutanen nan da in suka yi magana suke son kowa ya ce to. Tun da yayansa ya rasu ta dawo gidan mahaifiyarta, ya tsaya kai da fata sai ya aure ta, wai don kada jininsu ya tashi a gidan bare. Ita kuwa zuciyarta tana can bakin titi, a wani ɗan shago mai madubi biyu da ke kallon shagon ɗinkinta, wurin Mai Aski. Duk layin an sani. Baffa ma ya sani, shi ya sa yau ya rantse yaron ba zai ƙara zama a kujerar "wannan mai kilifar" ba, ya ɗauke shi ya kai shi aski wani wuri.

"Mama! Kalli kaina!"

Ɗan nata Yallaɓai ne ya shigo da gudu. Shekararsa huɗu, kuma iya ba da umarni ne ya ja masa wannan suna. An yi masa ƙwal kwabo, kan sai sheƙi yake yi. Duk da ɓacin ranta sai da ta yi dariya, don rabonta da ganin fatar kansa tun yana jariri.

"Iye, wa ya sace mana sumar Yallaɓai? Zo nan in taɓa."

Ta goge hannu a zaninta ta shafa kan tun daga goshi. Tana zuwa saman ƙeya ta ɓangaren hagu, sai yatsanta ya faɗa wani ɗan kwarmi.



Ta juyo da shi wajen haske. Wurin ya lotsa, kamar yadda gefen kwanon silba yake yi in ya faɗi a siminti. Babban yatsanta ya zauna a ciki daram.

"Innalillahi! Umma! Umma, fito ki gani!"

Nan take komai ya dawo mata. 'Yan makonnin nan kullum yaron sai ya dafe kai ya ce, "Mama, kaina." Ta ce rana ce. Ta ce ƙiwar makaranta ce. Ta yi ta ba shi maganin zazzaɓi na ruwa tana ce masa ya kwanta. Ashe, ashe!

Umma ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta duba, ta ja salati, ta zauna a kan turmi ba shiri.

Baffa ya shigo a baya yana kaɗa makullin mota. Fuskar nan a murtuke, amma wallahi in ka lura da kyau akwai wani abu kamar jin daɗi a ƙasanta.

"To, kin gani da idonki ko? Wanda ya yi masa askin ne ya nuna mini. Ya ce irin wannan sai dai in faɗuwa yaro ya yi, ko an buga masa wani abu. Wa yake riƙe kan yaron nan in ba wancan mutumin ba? Wa yake ɗora shi a kan katako a saman kujera, ƙafafunsa na reto?"

"Baffa, ka ji tsoron Allah. Bai taɓa faɗuwa a can ba."

"Kina wurin kullum? Ba kina kan keken ɗinkinki ba, kina leƙe ta taga kina murmushi?"

Gaskiya ne, ba kullum take wurin ba.

Umma ta ce a sanyaye, "Auta, ni fa na gaji. Ba na ƙin mutumin nan, amma kin ga yaro nasu ne. In wani abu ya same shi, da wane ido za mu kalle su?"

Baffa ya nuna ta da makulli. "Ki saurare ni da kyau, a gaban Umma nake faɗa. Daga yau in na sake ganin mutumin nan kusa da yaron nan, ko ki kira shi, ko ki tsaya da shi, zan ɗauke ɗanmu in kai shi wurin kakarsa. Ki zaɓa, ko ɗanki ko mai aski."

Yallaɓai ya ja gefen rigarta. "Mama, kaina yana yi."

Ta sunkuce shi ta yi ɗaki neman mayafi.

*

Hanyar asibiti dole ta bi ta gaban shagon. Baffa ya so ya wuce da gudu, sai wata motar kaya ta tare titi tana juyawa. Yallaɓai ya leƙa ta taga ya ƙwala kira.

"Mai Aski! An aske ni!"

Mai Aski yana tsaye a bakin ƙofa yana kakkaɓe tawul. Dogo ne, mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya ko da ana cutarsa. Ya tako har bakin motar yana murmushi, yana ganin kan yaron murmushin ya ɗauke.

Auta ta kafe shi da ido. So take ya firgita. So take ya ce subhanallahi, mene ne wannan? In ya faɗi haka ta san babu hannunsa, ko da duniya za ta taru a kanta.

Bai faɗa ba.

Idonsa bai yi yawo a kan yaron yana neman abin da ya faru ba. Kai tsaye ya sauka a wurin, kamar mai duba abin da ya ajiye. Sannan ya ce a hankali, "Wa ya sa aka sauke masa ita duka?"



"Ka san da shi?" in ji Auta.

Baffa ya daki sitiyari. "Kin ji ko! Kin ji da kunnenki! Matsa mini a nan, azzalumi, kafin in taka ka!"

Mai Aski ya ce, "Auta, asibiti za ku? Zan biyo ku. Akwai abin da ya kamata likita ya ji."

Motar ta fizga. Ta madubi ta hango shi ya bar wani dattijo a kujera da rabin aski, ya hau babur ɗinsa. Ta rungume ɗanta, hawaye na sauka a kan ƙwal kwabon. Ya Allah, in shi ne ya yar mata da ɗa ya yi shiru, ina za ta sa kanta?

*

Ɗakin jira cike yake da mata da yara, wannan na tari, wancan na kuka, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Auta ta zauna a kan benci da kati a hannu. Duk uwar da ta wuce sai ta kalli kan Yallaɓai ta ce "Allah sarki," kuma kowane "Allah sarki" sai ta ji shi har cikin hanjinta. Ƙarshe ta rufe masa kan da gefen mayafinta.

Da aka kira su, likitar mace ce, babba, mai tabarau a kan hanci. Ta zaunar da Yallaɓai a kan gado ta ce, "Malam, ya sunanka?"

"Yallaɓai."

"To ranka ya daɗe, a ba ni izini in taɓa kai."

Ta latsa wurin a hankali, ta zagaya gefensa da yatsu, ta haska masa ido da 'yar tocila, ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo.

"Yana amai? Ya taɓa suma ko jijjiga? Barci ya yi masa yawa?"

"A'a, likita. Ciwon kan ne dai, musamman in ya dawo daga makaranta."

"Ya faɗi kwanan nan?"

Baffa ya yi caraf. "An yar da shi, likita. Wani mai aski ne."

"Ka gani da idonka?"

Baffa ya hau gyara hula.

Likitar ta juyo ga Auta. "Babu kumburi, babu rauni a fata, kuma bai ji zafi ba da na danna. Amma abin da nake so in sani shi ne wannan: sabo ne ko tsoho? Yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake? Amsar nan ita za ta gaya mini ko yau ɗin nan za mu tashi hankalinmu. Ke ce uwa, yaushe kika fara jin sa?"

Ita da take yi masa wanka, take shafa masa mai, take taje masa kai kowace safiya. Kunya da tsoro suka kama Auta.

"Yau," ta ce. "Yau na gani, likita. Sumarsa tana da yawa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Aski ne, har yanzu da mataji a aljihun gaban rigarsa.

Baffa ya miƙe. "Wa ya ba ka izinin..."

"Malam, zauna," in ji likitar. "Kai kuma wane ne?"

"Ni nake yi masa aski tun bai iya magana ba." Bai kalli Auta ba. "Likita, wurin nan tsoho ne. Tun ranar da aka fara kawo mini shi na ji shi a hannuna. Faɗinsa bai canza ba, zurfinsa ma haka. Duk zuwan da zai yi sai na sa yatsa na gwada."

Likitar ta juyo gare shi.

"To ya aka yi uwarsa ba ta taɓa gani ba?"

"Ina bar masa suma a wurin. Nakan rage ko'ina in bar nan da ɗan tudu, in daidaita shi da sauran, yadda ko an taje ba za a gane ba. Haka muke yi a sana'armu. Kowane kai da abin da yake ɓoyewa, wani tabo, wani ƙulu, wani sanƙo. Aikinmu mu rufe, ba ma faɗa wa mutum aibin kansa."

Likitar ta cire tabarau ta dube shi. "Babba kake rufa wa asiri, malam, don shi ya san kansa. Yaro ba shi da asirin da za a ɓoye wa uwarsa. Da ka faɗa tun farko, da tuni an duba an huta."

"Haka ne, likita."

"Amma dai maganarka ta rage mini tsoro. Akwai yaran da haka ƙashin kansu yake tun haihuwa, kuma ba ya hana su komai. Ciwon kan yana iya zama daga ido ne ko wani abu dabam. Sai dai ni ba na aiki da zato a kan yaro. Za a yi masa hoton kai yanzu, gobe a duba idonsa. Sai na ga hoton zan ce muku ku kwantar da hankali."

Baffa ya sunkuyar da kai, don ƙaryarsa ta ƙare a gaban mutane. Amma Auta ba ta ji wani sanyi ba. Abin da ke ƙirjinta yanzu ya fi na ɗazu zafi.

*

A barandar asibitin ta tsaya, Baffa ya tafi da yaron karɓo takardar hoto. Mai Aski ya tsaya nesa kaɗan, hannunsa a baya kamar ɗan makarantar da ya yi laifi.

"Tun bai iya magana ba," ta ce. "Tun lokacin ka sani."

"Auta..."

"Kar ka kira sunana! Sau nawa na tsallako titi na ce maka Yallaɓai yana kukan ciwon kai? Sau nawa? Me ka ce mini? Ka ce Allah ya sawwaƙe, ka saya masa lemo!"

"Wallahi na so in faɗa. Sau biyu ina buɗe baki."

"Me ya rufe shi?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Lokacin da na fara ji, ba ki daɗe da rasa mahaifinsa ba. Kin rame, ko sallama aka yi da ƙarfi sai kin zabura. Na ce in na gaya wa baiwar Allahn nan kan ɗanta ya lotsa, faɗuwa za ta yi. Yaro yana wasansa lafiya lau, na ce bari in sa ido. Da tafiya ta yi tafiya, muka fara maganar aure, sai tsoron ya canza. Na san ranar da na faɗa za a ce ni ne. Kin ga kuwa an faɗa."

"Au, ashe kanka ka ji wa tsoro."

"Daga baya, e. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Likita ta tambaye ni yaushe na gani, na ce yau. Ni da na haife shi! Ka mayar da ni uwar da ba ta san kan ɗanta ba. Kullum in na taje masa kai sai in ce kai, Mai Aski ya iya aiki, dubi yadda ya fito masa da kai kamar an zana. Ashe yabon abin da kake ɓoye mini nake yi."

"Ki yafe mini, don Allah."

"Na yi faɗa da Umma saboda kai. Na ja da dangin mijina saboda kai. Na ce musu duk duniya babu wanda zan ba amanar ɗana na yi barci kamar kai. In hoton nan ya nuna wani abu da ya kamata a kama tun bara fa? Me za ka ce mini?"

Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Tafi," ta ce. "Ka tafi kafin Baffa ya dawo. Ɗana kaɗai ya rage mini, ba zan rasa shi a kanka ba."

Ya juya ya bi doguwar barandar a hankali. Tana son sa, wannan ba ta da shakka a kai, kuma shi ne abin da ya sa take jin kamar ta shaƙe shi.

Baffa ya iso da takarda, ya bi bayan mai tafiyar da kallo. "Kin yi wa kanki gata. Maganata ta safe tana nan, ba ta tashi ba."

*

Ɗakin hoton sanyi ƙarara, ga wata ƙatuwar na'ura mai rami a tsakiya tana gurnani ƙasa-ƙasa. Yallaɓai yana ganinta ya ƙanƙame wuyan uwarsa.

Mai ɗaukar hoton ya ce, "Ɗan lokaci kaɗan ne, amma kada kan ya motsa ko kaɗan. In ya motsa hoton ya lalace. Mutum ɗaya zai sa rigar kariya ya tsaya ya riƙe masa haɓa."

Auta ta sa rigar mai nauyi ta kwantar da shi. Gadon yana fara tafiya ya tsala ihu, ya wuntsila, saura kaɗan ya faɗo. Ta lallashe shi, ta yi masa alkawarin keke, ta yi masa waƙa. Ina! Hannunta rawa yake yi, kuma yaro yana jin tsoron uwarsa ta cikin tafin hannunta.

Baffa ya ce, "Ba ni nan, sangarta ce." Ya karɓi rigar ya danne kan da hannu biyu. Yaron ya shiɗe don kuka, ya yi ta harbin iska, jijiyoyin wuyansa duk sun fito.

"Malam, sake shi! Ba haka ake yi ba." Mai hoton ya kashe na'urar. "Hajiya, in ya ƙi, sai dai a yi masa allurar barci, kuma mai yin ta ba ya nan sai wani mako. Ga mutane a layi. Ki yi shawara."

Wani mako! Ta kwana ta tashi har wani mako ba ta san abin da ke cikin kan ɗanta ba?

Yallaɓai yana shessheƙa, majina da hawaye sun haɗe. Ya ce cikin kuka, "Ni Mai Aski zai riƙe ni. Shi ba ya dannawa."

Auta ta ɗago. Baffa ma ya ɗago.

"Kul," ya ce. "Auta, kul. In kika taka ƙofar nan kin san abin da na ce, kuma wallahi zan aikata."

Ta kalli ɗanta. Ta kalli ramin na'urar. Ta san Baffa, ba ya rantsuwa a banza.

"Ka ɗauke shi gobe in ka isa," ta ce, "sai mu haɗu inda za mu haɗu. Amma yau sai na san abin da ke kansa."

Ta fita da gudu, mayafi na jan ƙasa. Baranda, matakala, bakin get. Tana addu'a kada ya zama ya tafi.

Bai tafi ba. Yana zaune a kan babur ɗinsa a ƙarƙashin bishiya, makulli a hannu, bai ko tayar ba. Yana ganinta ya miƙe a firgice.

"Me ya faru? Me hoton ya nuna?"

"Ba a yi ba. Ya ƙi tsayawa." Tana haki. "Ban yafe maka ba, ka ji ni da kyau. Ban sani ba ma ko zan iya. Taso ka riƙe mini kansa."

Suka shiga tare. Baffa ya dube su, ya fice ya bugo ƙofa har taga ta girgiza, tun daga baranda ana jin sa yana kiran waya yana cewa a ba shi Hajiya, kakar yaron.

Mai Aski ya sa rigar. Ya sunkuya ya ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin haɓar yaron, ko dannawa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, gyaran gaba za mu yi. Ka san doka."

"Ba motsi," in ji Yallaɓai, yana jan hanci.

"Ba motsi. Rufe ido."

Ya rufe. Gadon ya shiga da shi a hankali, kan nan bai ko girgiza ba.

Auta tana bayan gilashi, ta dafe baki da hannu biyu. Layuka farare da baƙaƙe suka fara fitowa a allon, ba ta gane komai a ciki ba, sai ta koma kallon fuskar mai hoton, shi kuma fuskarsa ba ta faɗin komai. Wayarta ta fara ruri a cikin jaka, sunan kakar Yallaɓai ne a kai. Ta bar ta tana yi, idonta a kan ɗanta, har na'urar ta tsaya.